Kwana Goma Sha Biyu a Gaɓar New Jersey: Nazarin Harin Kifin Shak na 1916 da Yadda Aka Tuna da Shi

A farkon watan Yulin 1916, mutane sun yi ta tururuwa daga manyan biranen gabashin Amurka zuwa gaɓar teku ta jihar New Jersey, saboda dalilai guda biyu. Na farko shi ne matsanancin zafin da aka yi a wancan lokaci, na biyu kuma shi ne annobar shan-inna da ta ɓarke a birnin New York, wadda ta sa duk mai hali yake neman fitar da iyalinsa daga cunkoson birni zuwa inda iska ke kaɗawa. Ba wanda ya je bakin tekun da tunanin kifin shak, wato babban kifin teku mai kaifin haƙora, a ransa, domin a zamanin akasarin masana da jama'ar gari sun yi imani cewa wannan kifi ba ya kai wa mutum mai rai hari a ruwan da ba na yankuna masu zafi ba. Tun a 1891 wani attajiri mai suna Hermann Oelrichs ya sa ladan dala 500 ga duk wanda ya kawo tabbatacciyar hujja cewa shak ya taɓa cizon mutum a gaɓar Amurka da ke arewa da Cape Hatteras, wani tsinin ƙasa a jihar North Carolina, kuma ba wanda ya karɓi kuɗin. Rashin mai karɓar ladan ya zama tamkar hujja a idon mutane, alhali abin da ya nuna kawai shi ne cewa lamarin ba kasafai yake faruwa ba.

Ranar 1 ga Yuli da yamma, wani saurayi daga Philadelphia mai suna Charles Vansant ya shiga ruwa a garin Beach Haven domin ya ɗan yi iyo kafin cin abincin dare, wani kare yana iyo kusa da shi. Da ya fara ihu, mutanen da ke tsaye a kan yashi sun ɗauka karen yake kira. Kafin wani mai aikin ceto ya jawo shi gaɓa, kifin ya riga ya yaye masa naman cinyar hagu, kuma jini ya ci gaba da zuba har rai ya yi halinsa a otal ɗin Engleside inda iyalinsa suka sauka. Jaridu ba su ba labarin wani muhimmanci ba, har ma an sami jami'in da ya ce kifin karen yake nufi, kuskure ne ya sa ya kama mutum. Ba a rufe ko da wurin wanka ɗaya ba.

Bayan kwana biyar, ranar 6 ga Yuli, abin ya sake faruwa a Spring Lake, kimanin kilomita 72 arewa da wurin farko. Charles Bruder, ɗan asalin ƙasar Suwizalan mai shekara 27 da ke aikin ɗaukar kayan baƙi a otal ɗin Essex and Sussex, yana iyo nesa da gaɓa da kimanin mita 120 lokacin da kifin ya datse masa ƙafafu biyu. Wata mata da ta hango abin daga gaɓa ta sanar da masu ceto cewa wani jan kwalekwale ya kife, ashe jini ne ya rina ruwan. Sun isa gare shi a jirgin ruwa, amma ya cika kafin su kawo shi tudu. Ya kamata a lura da waɗannan shaidu guda biyu, wato masu cewa kare ake kira da mai cewa kwalekwale ne ya kife, domin suna nuna cewa mutum yakan fassara abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta riga ta sani. Mutanen da ba su yarda shak na cizon mutum ba, ba su ga shak ba ko da abin yana faruwa a gabansu.

Masana ma ba su tsira daga wannan ba. Ranar 8 ga Yuli, Frederic Lucas, shugaban gidan adana kayan tarihin halittu na Amurka da ke New York, tare da abokan aikinsa John Nichols da Robert Murphy, sun gana da 'yan jarida inda suka jaddada cewa da wuya a sake samun hari na uku. Lucas yana da ra'ayin cewa muƙamuƙin shak ba shi da ƙarfin da zai karya ƙashin ƙafar mutum, kuma an yi ta kawo sunayen wasu halittu a matsayin waɗanda ake zargi, har da katon kunkurun teku. Duk da haka wasu garuruwan, irin su Asbury Park, sun kewaye wuraren wankansu da ragar ƙarfe, an kuma sa jiragen ruwa masu ɗauke da 'yan bindiga suna sintiri.

Ranar 12 ga Yuli ce ta rushe duk wannan natsuwa, kuma ta rushe ta ne a wurin da ba wanda ya zata. Matawan ƙaramin gari ne da ba a bakin teku yake ba, sai dai wani rafi mai laka da ya ratsa ta gefensa ya zuba a mashigin teku na Raritan, ruwansa gauraye ne na gishiri da na daɗi, yana cika yana janyewa tare da teku. Wani tsohon matuƙin jirgin ruwa mai suna Thomas Cottrell ya hango kifi mai tsawon kusan mita biyu da rabi yana haurowa rafin, ya shiga gari yana gargaɗi, mutane suka ɗauke shi mai zolaya ko wanda zafin rana ya ruɗa. Da misalin ƙarfe biyu na rana wasu yara suna wanka a wani tsohon wurin tsayawar jiragen ruwa a rafin, sai kifin ya ja Lester Stillwell, yaro ɗan shekara 11, ya nutse da shi. Sauran yaran sun ruga cikin gari suna kururuwa, amma da yake an san Lester yana da farfaɗiya, da yawa daga cikin manya sun ɗauka ciwonsa ne ya tashi a cikin ruwa. Da wannan tunanin ne wasu maza suka shiga rafin neman gawarsa, cikinsu har da Stanley Fisher, wani matashi mai shekara 24 da ke da shagon ɗinki a garin. A gaban jama'ar da suka taru a bakin rafin kifin ya kama Fisher a cinyar dama, aka ɗauke shi a jirgin ƙasa zuwa asibiti a Long Branch, inda ya rasu da yammacin ranar saboda zubar jini. Kimanin rabin sa'a bayan harin Fisher, can ƙasa da rafin, kifi ya sake kama ƙafar wani yaro daga New York mai suna Joseph Dunn, amma ɗan'uwansa da abokinsa suka riƙe shi suka yi ta ja har kifin ya saki. Shi kaɗai ne ya rayu cikin mutum biyar, kuma sai tsakiyar watan Satumba aka sallame shi daga asibiti.

Abin da ya biyo baya ba shi buƙatar dogon bayani. Mutanen Matawan sun yi ta jefa nakiya a cikin rafin, an sa ladan dala 100 ga wanda ya kashe kifin, an kashe ɗaruruwan shak a gaɓar gabas waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, shugaban ƙasa Woodrow Wilson ya tattauna batun da majalisar ministocinsa, masu otal-otal kuma suka tafka asarar da aka ƙiyasta ta kai dala 250,000. Ranar 14 ga Yuli, wani mai sana'ar busar da fatun dabbobi mai suna Michael Schleisser ya kama wani matashin farin shak a mashigin Raritan, tsawonsa mita 2.3, nauyinsa kilo 147, aka sami nama da ƙasusuwa a cikinsa waɗanda Lucas da kansa ya tabbatar na mutum ne. Daga nan ba a sake samun wani hari a gaɓar New Jersey ba a wannan lokacin zafi, jama'a kuwa suka ɗauka an kama mai laifi.

Har yau masana ba su daidaita a kan wannan hukunci ba. Wasu suna ganin farin shak ba ya shiga rafi irin na Matawan, don haka suna zargin nau'in da ake wa laƙabi da bijimin shak, wanda jikinsa ke iya jure ruwan daɗi har an same shi a tafkin Nikaraguwa da can cikin kogin Amazon da na Mississippi. Wasu kuma suna cewa harin ya zo ne dab da cikar wata, lokacin da teku ke tumbatsa ta tura ruwan gishiri cikin rafin, wanda hakan zai ba matashin farin shak damar shiga, ga shi kuma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa ruwan da ke tsakanin New York da New Jersey wuri ne da ƙananan fararen shak ke girma. Akwai kuma masu cewa ba kifi ɗaya ba ne, kifaye daban-daban ne suka kai hare-haren, sai dai kusancin lokaci ya sa aka haɗa su a labari guda. A ganina wannan ra'ayi na uku ya fi cancantar a tsaya a kansa, ba don an tabbatar da shi ba, sai don yana tona wata ɗabi'a ta zuciyar ɗan Adam: ta fi son labari mai mugu guda ɗaya, mai farko da ƙarshe, a kan tarin aukuwa da ba abin da ya haɗa su sai zafin rana da yawan mutane a cikin ruwa. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ostireliya, Victor Coppleson, ya ƙarfafa wannan tunani a littafinsa na 1958, inda ya kawo ra'ayin cewa akan sami shak guda da ya ɗanɗana naman mutum ya koma farautarsa. Yawancin masu binciken shak na yanzu ba su ga hujja mai ƙarfi a kan hakan ba, sun fi karkata ga cewa akasarin cizon na gwaji ne ko na kuskure, musamman a ruwa mai duhu inda kifin ba ya iya bambance mutum da abin da ya saba ci, shi ya sa sau da yawa yakan ciza sau ɗaya ya saki ya tafi.

Idan aka koma ga girman haɗarin kansa, alƙaluma a bayyane suke. Kundin tattara bayanan harin shak na duniya, wanda aka kafa a 1958 kuma yanzu yake ƙarƙashin kulawar gidan tarihin halittu na jami'ar Florida, yana rubuta cizo tsakanin 60 zuwa 70 a shekara a duk faɗin duniya, wato cizon da ba mutum ne ya tsokani kifin ba, waɗanda suke mutuwa kuwa ba su cika wuce biyar ko shida ba. A 2023 an rubuta cizo 69 da mutuwar mutum 10, a 2024 kuma cizo 47 da mutuwar mutum 4. A gefe guda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma a Amurka kaɗai igiyar nan da ke jan mai iyo daga gaɓa zuwa cikin teku tana kashe kimanin mutum 100 a kowace shekara. Mai wanka a bakin teku, ke nan, ruwan da yake tsaye a ciki ya fi zama barazana gare shi nesa ba kusa ba a kan kifin da yake waige-waige yana nema. Abin da ya kashe Vansant da Bruder da Fisher shi ne zubar jini, kuma wannan ne ya sa a yau, da aka san muhimmancin ɗaure gaɓar da ta ji rauni nan take da gaggauta kai mutum asibiti, mafi yawan waɗanda shak ya ciza suke rayuwa.

To, me ya sa mutuwar mutum huɗu ta zauna daram a tarihin Amurka fiye da shekara ɗari, alhali a wannan shekarar ta 1916 shan-inna ta kashe mutum kusan 6,000 a ƙasar, fiye da 2,000 daga cikinsu a birnin New York kaɗai, mafi yawansu ƙananan yara? A nan ne lamarin ya tashi daga ilimin kifi ya koma ilimin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya firgita, jikinsa yana sakin sinadaran tashin hankali, waɗanda ke motsa wani ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, shi kuma ya sa a adana abin da ya faru da ƙarfi fiye da al'amuran yau da kullum. Wannan tsari yana da amfani, domin shi ne ke hana mutum komawa inda ya taɓa shan wuya, kuma shi ne ma'anar karin maganar nan da ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ƙarfin tunawa da sahihancin tunawa abubuwa biyu ne mabambanta. A 1977 masana halayyar ɗan Adam biyu, Roger Brown da James Kulik, sun bayyana irin tunawar da ke biyo bayan labari mai girgiza zuciya a matsayin wadda take kama da hoton da aka ɗauka da walƙiyar kyamara. Daga baya Ulric Neisser da Nicole Harsch suka gwada wannan zance: washegarin fashewar kumbon Challenger a watan Janairun 1986 sun sa ɗalibai sun rubuta inda suke da abin da suke yi lokacin da suka ji labarin, bayan kusan shekara uku suka sake tambayarsu, sai aka tarar da yawa sun canza wuri da lokaci da wanda ya ba su labarin, kuma suna da cikakken yaƙini a kan sabon bayaninsu. Jennifer Talarico da David Rubin sun sami irin wannan sakamako bayan harin 11 ga Satumbar 2001: tunawar ranar tana gurɓacewa daidai da yadda tunawar kowace rana ke gurɓacewa, abin da ba ya raguwa shi ne tabbacin mai tunawar.

Akwai wani gwaji da ya dace ƙwarai da labaran waɗanda suka tsira daga bakin shak, waɗanda sukan ce lokaci ya tsaya musu cak. A 2007 David Eagleman da abokan aikinsa sun sa mutane sun faɗo daga tsayin mita 31 zuwa cikin raga, sannan suka nemi kowa ya ƙiyasta tsawon lokacin faɗuwarsa. Mutanen sun ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan lokacin da suka ƙiyasta wa faɗuwar wasu, amma na'urar da aka ɗaura musu a hannu ta nuna cewa ganinsu bai ƙara sauri ba yayin faɗuwar. Ma'ana, ba a lokacin abin ne lokaci ke miƙewa ba, a wajen tunawa ne, saboda ƙwaƙwalwa ta tara bayanai masu yawa a cikin 'yan daƙiƙu. Wannan bai rage komai daga gaskiyar azabar wanda abin ya same shi ba, illa dai yana jan kunnen mai bincike da kada ya ɗauki ƙiyasin shaidu game da girman kifi ko tsawon lokacin hari a matsayin awo.

Tunawar al'umma kuwa tana da nata ƙa'idar. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna a 1973 cewa mutum yakan auna yawan aukuwar abu ne da saurin da misalinsa ke zuwa masa a rai. Yaron da shan-inna ta kashe ya mutu ne a ɗaki ko a asibiti, a hankali, ba mai kallo sai iyayensa, kuma abin da ya kashe shi ba a ganinsa da ido. Fisher kuwa an kama shi ne da rana tsaka a gaban taron mutanen garinsu, yana cikin aikin taimako, kuma abin da ya kama shi yana da haƙora da siffa da suna. Labari irin na biyu shi ne wanda ake iya bayarwa a sake bayarwa, kowane mai bayarwa yana ɗan gyara shi, shi ya sa ma littattafan da aka rubuta kan lamarin suke saɓa wa juna a ƙananan bayanai irin su shekarun wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa da ainihin abin da Fisher ya faɗa bayan an fito da shi.

Fim ɗin Jaws na 1975, wanda Steven Spielberg ya shirya daga littafin Peter Benchley na 1974, ya ɗauki hoton mugun kifi guda mai farautar mutane ya dasa shi a zukatan miliyoyin da ba su taɓa ganin teku ba, har an ambaci harin 1916 a cikinsa. Abin sha'awa shi ne, ya zama ruwan dare a ce harin New Jersey ne ya zaburar da Benchley ya rubuta littafin, alhali shi da kansa ya musanta hakan, amma zancen bai daina yawo ba, domin ya yi daidai da yadda mutane suke so labarin ya kasance. Benchley ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare shak, kifin da wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane suna kashe kimanin miliyan 100 daga cikinsa a shekara. Irin wannan zazzaɓi ya sake tashi a 2001, bayan shak ya ciji wani yaro ɗan shekara takwas a gaɓar Florida, inda kafofin yaɗa labaran Amurka suka shafe makonni suna bin kowane cizo, sai da shekara ta ƙare aka ga cewa adadin cizo da na mace-mace bai kai na shekarar 2000 ba.

Tsoron 1916 ya bar sawu har a akwatin zaɓe, ko kuma dai haka wasu masana siyasa suke gani. Christopher Achen da Larry Bartels sun nazarci ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa na watan Nuwamban wannan shekarar, suka ce Wilson ya rasa ƙuri'u a garuruwan bakin teku na New Jersey fiye da sauran sassan jihar, wato masu zaɓe sun hukunta shi a kan abin da ba shi da iko a kansa. Wasu masanan biyu, Anthony Fowler da Andrew Hall, sun sake lissafin a 2018 suka ce tasirin ya yi ƙanƙanta ko ma babu shi idan aka sauya yadda aka zaɓi garuruwan. Muhawarar tana nan, amma an fi yawan ambaton sakamakon farko, saboda ya fi daɗin faɗa.

Gwajin ƙwayoyin halitta da awon haƙora na zamani da sun iya taimakawa wajen tantance ko kifin da Schleisser ya kama shi ne ya shiga rafin Matawan, ta hanyar kwatanta muƙamuƙinsa da bayanan raunukan da likitoci suka rubuta da kuma ƙasusuwan da aka ciro daga cikinsa. Sai dai hakan ba zai yiwu ba, domin Schleisser ya busar da kifin ya kafa shi a tagar wani shago a Manhattan, inda jama'a suka yi ta cincirindo suna kallo, daga baya kuma ya ɓace ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya rage daga gare shi hoto ne guda ɗaya da wata jaridar unguwar Bronx ta buga.